Daga Magariya zuwa ajin firamare a ƙasar Gumel

Ni mutumin Magariya ne, a jihar Damagaram ta Nijar. Aure da neman abinci suka kawo ni wani ƙauye kusa da Maigatari, a jihar Jigawa ta Najeriya, inda dangin matata suke. Ban sha wahalar harshe ko ta abinci ba, tuwon gero ne can, shi ne nan. Abin da ya ɗaure mini kai lissafin naira ne bayan na saba da sefa, sai kuma takarda, don duk karatuna da Faransanci na yi shi, nan kuwa Turancin Ingilishi ake so. Na fara da riƙe wa surukina littafin shago. Daga baya wata makarantar al'umma ta rasa malami, hedimasta ya kira ni ya ce, "Malam, ka riƙe mana 'yan aji huɗu a darasin zamantakewa, da Hausa ma za ka iya yi musu bayani."

Na ce masa ni baƙo ne, ina na san tarihin Jigawa? Ya ce in karɓi littafin in karanta. Abin da ke ciki kaɗan ne: an ƙirƙiro jihar ranar 27 ga Agusta 1991 a zamanin Janar Babangida, an cire ta daga jihar Kano, Dutse ce hedikwata, ƙananan hukumomi 27, masarautu biyar, wato Haɗeja, Gumel, Kazaure, Ringim da Dutse. Yaran sun haddace wannan tsaf. Amma da na tambayi wani yaro ya nuna mini da hannu inda Haɗeja take, sai ya nuna yamma.

Shi ya sa na fitar da su tsakar makaranta. Muka share fili, muka zana jihar a ƙasa da toka. Kowace masarauta muka ajiye mata dutse: Gumel a arewa, Haɗeja a gabas, Kazaure a yamma, Dutse a kudu, Ringim a tsakaninta da Kazaure. Igiyar guga ta zama kogin Haɗeja. In na kira gari, yaro ya ruga ya tsaya a kansa, in ya ɓata 'yan'uwansa su gyara masa. Da muka ja layin iyaka a saman Maigatari, wata yarinya ta tsallaka shi ta tsaya a fili, ta ce, "Malam, ni kakata a nan take." Yara da dama suka bi ta. Ni ma can na je na tsaya.

Daga nan ne na ga ina da abin ba su wanda littafin bai kawo ba. A lakwal, wato makarantar boko a Nijar, an koya mana Sarki Tanimun da ganuwar birnin Zinder, wato Damagaram, da Amadu Kuran Daga wanda ya kai yaƙi har ƙasar Kano, da shigowar Faransawa a 1899, da yadda Zinder ta riƙe hedikwatar mulkin mallaka kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Su kuma a nan dattawa suna ba da labarin Gumel ta Mangawa, wadda ta bi Borno kuma jihadi bai ci ta ba, da yaƙe-yaƙenta da Damagaram da Haɗeja. Ashe yaƙi ɗaya ake ba da labarinsa ta gefe biyu. Iyakar kanta Ingilishi da Faransawa ne suka kafa mata alamu tsakanin 1906 da 1908, bayan an daɗe ana auratayya da fatauci a wurin. A ganina zalunci ne a koya wa ɗan Maigatari tarihin da ya tsaya cak a bakin shingen kwastan.

Aikin gida da na fi ji da shi shi ne tura su wurin kakanni da tambaya uku: daga ina gidanmu ya taso, wace sana'a aka gada, wace shekarar fari kuka fi tunawa? Wasu tsofaffin sun yi ta ƙorafi wai malamin nan ɗan Faransi ya cika bincike. Amma dagaci da kansa ya aiko a kira ni. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ko na yi laifi?" Ya ce a'a, jikansa ne ya tambaye shi sunayen waɗanda suka riƙe garin kafin shi, yana so ya zo ajin ya faɗa da bakinsa. Ya zo kuwa, ya zauna a kan benci, ya bayyana musu yadda magana ke tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, har fadar sarki. Tun ranar mutanen gari suka daina ce mini mijin wance, suka koma Malam.

Ran Alhamis kuwa, kasuwar Maigatari ke ci, rabin ajin ba sa zuwa. Na daina faɗa a kai. Duk wanda ya bi babansa kasuwa, ran Juma'a zai faɗa mana abin da ya ga ya shigo daga arewa, raƙuma ne, shanu ne ko kanwa, da abin da aka loda aka yi can da shi.

Yanzu burina in kai su Birnin Kudu su ga zanen da mutanen dauri suka yi a jikin duwatsu. Tafiyar da nisa, kuɗin mota ya yi tsada. Iyaye sun ce a bari sai an yi girbin riɗi, kowa zai kawo abin da ya samu.