Tulu ya fashe: yadda muke koyar da aikatau a Aboabo

Shekara tara ke nan ina gudanar da ƙaramar makarantar koyon Turanci a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Ɗakuna biyu ne, da malamai biyu ban da ni, muna buɗewa bayan la'asar mu tashi kafin isha'i. Yawancin ɗalibanmu masu shirin jarrabawar BECE da WASSCE ne, sai 'yan kasuwa kaɗan daga kasuwar Kejetia, waɗanda su ne suka fi kowa biyan kuɗin wata a kan lokaci.

Babu darasin da ya fi cin mana alli kamar bambance aikatau (kalmar aiki, verb) so-karɓau da ƙi-karɓau, wato wanda aikinsa ke faɗawa kan wani abu da wanda ke tsayawa kan mai aikin. A ganina wahalar ba ta yaran ba ce, domin Bahaushe yakan ji bambancin a cikin kalmar kanta: "ya fasa tulu", amma "tulu ya fashe". Turanci kuwa sau da yawa ba ya sauya komai, "he broke the pot" da "the pot broke" duk da "broke" ɗaya suke tafiya, saboda haka sai an duba jimlar gaba ɗaya kafin a yanke hukunci. Shi ya sa na hana malamaina ba yara jerin kalmomi su haddace. Muna sa su tambayi aikatau "me?" ko "wa?", idan amsa ta biyo kai tsaye ba tare da "to" ko "about" ba, to akwai karɓau, wato abin da aikin ya faɗa kansa. Da wannan muke gyara "discuss about", wanda har manya ke rubutawa, da kuma rikicin "rise" da "raise".

Ɗaliban da suka yi nahawun Larabci a Islamiyya ba sa ba mu wahala, da zarar na ce musu lazimi da muta'addi ne sai su gyaɗa kai. Wani dattijo mai sayar da atamfa ya taɓa ce mini, "Malam, ashe karatun zaure ne kuke karɓa mana kuɗi a kai." Na ce, "Baba, sai dai a nan babu wasalin da zai nuna maka karɓau." Washegari ya zo da ƙamus yana neman in nuna masa inda ake sa harafin T (so-karɓau) ko I (ƙi-karɓau) a gaban kowane aikatau.