Fensirina ba ya sauka a takardar ɗalibi

Ina koyar da zane a wani ɗaki da na kama a Tudun Wada, yara ranar Asabar da safe, manya kuma bayan La'asar. Doka ɗaya na ɗora wa kaina: ko layi ya karkace kamar me, ba na karɓar fensir in gyara wa mutum a takardarsa. Sai dai in jawo wata takardar in nuna a gefe, ko in ce ya sake ɗaga kai ya dubi abin da ke gabansa.

Dalilina shi ne ido ke fara koyon zane, hannu daga baya yake bi. Ka ajiye buta a kan tebur, yaro ɗan shekara bakwai zai duƙufa ya zana butar da ke cikin kansa, ko kallon ta tebur bai yi ba. Sai in durƙusa kusa da shi in ce, "Ta wane gefe hasken taga ya bugi butar nan? Ina ya fi duhu?" Da ya gano inuwar da ke ƙarƙashin mariƙin, sai ka ga hannun ya sauya tafiya da kansa. Gawayi nake ba su, irin na murhu, don ba ya goguwa tas, ta haka suke daina ɓata rabin lokaci wajen goge-goge.

Yara ba su zuwa da tsoro, koya musu ake yi. A makarantu da yawa malami ne zai zana mangwaro a allo, kowa ya kwafa, wanda nasa ya fi kama da na malam ya ci maki. Wannan yana ci mini rai sosai, domin a nan ne yaro ke yanke wa kansa hukunci cewa shi ba shi da baiwa.

Su ne suke girma su zo mini da "Malam, ni fa ban iya ba." Wata mai ƙunshi ta faɗa mini haka, alhali furanni ne shimfiɗe a bayan hannunta. Na ce, "Hajiya, wa ya zana wannan?" Ta ce ita ce. To daga nan muka tashi. Haka tela mai aikin aska takwas a babbar riga, ya riga ya san awo da daidaito, takarda ce kawai baƙuwarsa. Nakan ce manya su ciro naira ashirin su juya bayanta. Ladi Kwali ce a wurin. A gida ta koyi ginin tukwane kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a Abujar da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, kuma ba ta yar da zanen da ta taso da shi ba. Ga Zariya nan kusa da mu: a 1958 ɗaliban zane na kwalejin can, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turai kaɗai ba, sai sun haɗa da na gida.

Akwai iyayen da ke gindaya sharaɗin kada 'ya'yansu su zana abu mai rai. Ba na jayayya da su, fatawa ta malamai ce. Ganyen darbejiya da tulu da dagin Arewa da zayyanar allon sauka sun ishe mu aikin shekara, kuma duk abin da ido ke bukatar koya yana cikinsu.

Maki kuwa ba na bayarwa. Kowace takarda muna rubuta mata kwanan wata mu adana a kwali. Bayan 'yan watanni sai in baje wa mutum ta farko da ta yanzu a kan tabarma, in ce shi ya faɗa mini abin da ya canza. Yara nan take suke nunawa da yatsa. Manya sai na yi ta tambaya kafin su yarda su faɗa da bakinsu.