Yadda na bi diddigin mutuwar Jack Twist a fim ɗin Brokeback Mountain

Idan zan yi nazarin mutuwar da fim ya bari a lulluɓe, abin da nake fara yi shi ne in raba abin da aka faɗa da abin da aka nuna, sannan in tambayi kaina: da idon wa aka nuna shi? Haka na yi wa Brokeback Mountain, wanda Ang Lee ya ba da umarni a 2005 daga gajeren labarin Annie Proulx na 1997. Labarin makiyaya biyu ne, Ennis Del Mar da Jack Twist, da suka haɗu wajen kiwon tumaki a jihar Wayomin ta Amurka a 1963, suka yi shekara ashirin suna ɓoye soyayyarsu, kowa kuma ya auri mace.

Mu 'yan kallo ba mu ga mutuwar Jack ba. Katin wasiƙar da Ennis ya aika ne ya dawo da tambarin cewa mai shi ya rasu. Ya kira Lureen, matar Jack, ta wayar bakin titi, ta ce masa Jack na ba tayar motarsa iska ne a wata hanyar ƙauye, tayar ta fashe, ƙarfen rim ya daki fuskarsa, ya karya masa hanci da muƙamuƙi, ya faɗi rigingine a sume, jininsa ya shaƙe shi kafin wani ya zo wucewa. Shekararsa 39. Tana cikin magana sai ga hotuna gajeru: wasu maza suna dukan Jack da ƙarfen kwance taya.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Sun saba duk abin da kyamara ta nuna ya faru, sai su ce shi ke nan, kashe shi aka yi, Lureen ƙarya take. Ni kuwa sai na tsayar da fim ɗin na duba inda edita ya dasa hotunan. Suna zuwa ne a tsakiyar sauraron da Ennis ke yi, mutumin da ba ya wurin, yana nesa da Teksas, jihar da Jack ke zaune. Daga nan na koma baya na nemo asalin ƙarfen. Ennis da bakinsa ya ba Jack labarin cewa yana ɗan shekara 9 mahaifinsa ya kai shi da ɗan'uwansa su ga gawar Earl, wani dattijo da ke zaune da wani namiji, an kashe shi da irin wannan ƙarfe an yar a kwalbatin ban-ruwa. Makamin da ke cikin hoton, ke nan, tun yana yaro yake cikin kansa. Hoton shaida ne a kan tsoron Ennis, amma bai isa shaida a kan abin da ya sami Jack ba.

Bayanin Lureen ma na auna shi da hankali, domin wasu na ganin ya yi kama da ƙagagge. Bai yi ba. Manyan motocin da na da rim mai ɓangarori, wanda zoben ƙarfe ke riƙe taya. Idan zoben bai zauna daidai ba aka ba ta iska, yakan yi tsalle da ƙarfin da zai kashe mutum, shi ya sa ake hura irinsu cikin kejin ƙarfe. Duk mai facin da ke aikin tayar tirela ya san wannan haɗari. Abin da ke sa shakku shi ne muryarta: a daskare, kamar hadda. Sai dai matar da ta maimaita labarin mutuwar mijinta ga duk mai zuwa ta'aziyya ita ma haka muryarta kan koma. Kuma ku lura da fuskar Anne Hathaway, wadda ta fito a matsayin Lureen, lokacin da Ennis ya ce shi da Jack sun yi kiwo tare a dutsen Brokeback a 1963: idonta ya kawo ruwa. Wannan ya nuna ta gane ko wane ne Ennis a wurin mijinta, bai nuna ta san an kashe shi ba.

Hujjar masu cewa kisa ne ta fi ƙarfi a wani wuri dabam, a gidan iyayen Jack, inda Ennis ya kai ziyara bayan rasuwar. Mahaifinsa ya ce Jack ya daɗe yana cewa zai kawo Ennis su gyara gonar, amma a bazarar ƙarshe sai ya koma zancen wani maƙwabcinsa na Teksas, har zai rabu da matarsa. Idan uban da ke can nesa ya ji, to mutanen gari fa? Jack bai iya taka-tsantsan irin na Ennis ba. Mun ga Aguirre, ubangidansu, ya hango su da tabarau mai hangen nesa, mun ga Jack ya tsallaka Meziko neman maza. Kuma a Teksas ta 1983 doka kanta ta haramta alaƙar, ba a soke ta ba sai hukuncin Kotun Ƙoli na 2003. A irin wannan gari, rufe kisa da sunan haɗari ba abu ne mai wuya ba, kuma iyali za su fi so a ce taya ce. Shekara guda bayan fitowar labarin Proulx aka kashe Matthew Shepard, wani ɗalibi mai neman maza, kusa da garin Laramie a Wayomin ɗin, don haka masu kallo a 2005 ba su ɗauki tsoron Ennis a matsayin zautuwa ba.

Na karanta labarin na asali don in ga ko zai raba gardama. A can ma ta cikin kan Ennis aka bi: a waya ya kasa tantancewa, bayan maganar mahaifin Jack kuma ya yanke wa kansa cewa ƙarfe ne. Yaƙininsa ne, marubuciyar ba ta kawo wani ganau ba.

Ni na fi karkata ga kisa, saboda maganar uban. Amma ba na yarda a kafa hujja da hotunan dukan, domin yin haka na ƙwace wa fitowar nauyinta. Ennis ya ƙi tayin Jack na su zauna tare a gona don kada su ƙare kamar Earl, ga shi Jack ya mutu ba ya kusa. In haɗari ne, ya hana kansu shekara ashirin saboda abin da bai zo ba. In kisa ne, gudun da ya yi bai kare Jack da komai ba, kuma ko tokar gawarsa da aka ƙona uban ya hana a kai dutsen Brokeback kamar yadda ya yi wasiyya.