Asabar a Mabera: faifai biyu, ajiya ɗaya

Aikin yau shi ne haɗa faya-fayan ajiya biyu, kowanne mai terabait 4, a kwamfutar tebur ta gida, wadda ƙanena yake tara bidiyon bukukuwan da yake ɗauka a cikinta. Ubuntu, wani nau'in Linux, ce a kai, tana tashi daga ƙaramin faifan SSD da ke ramin M.2, saboda haka manyan faya-fayan ajiya kawai za su yi. Na tsaya a kan tsarin haɗin da ake kira RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya a rubuta shi a ɗayan. Ƙanena kuwa RAID 0 ya so, don ya ji an ce zai samu terabait 8 da ƙarin gudu. Haka ne, amma RAID 0 gutsuttsura fayil yake yi ya raba wa faya-fayan biyu, ɗaya ya mutu komai ya bi shi. Wanda ango zai dawo wa bayan wata shida neman bidiyon ɗaurin aurensa bai kamata ya shiga wannan caca ba. RAID 5 kuwa sai da faifai uku aƙalla.

Da safe BIOS, manhajar da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, faifai ɗaya kawai ta gani. Kafin a zargi faifai, a duba littafin madabod, babban allon da komai ke jone a jikinsa: da yawa daga cikinsu suna kashe ramin SATA, inda ake jona wayar faifai, ɗaya ko biyu da zarar an saka SSD a M.2, saboda hanya ɗaya suke rabawa. Na mayar da wayar wani rami, ya bayyana. Tsarin SATA kuma na bar shi a AHCI, ba a haɗin RAID na madabod ba, tunda mdadm, manhajar haɗa faya-fayai, ce za ta yi haɗin daga cikin Linux. Haɗin madabod yana ɗaure mutum da irin madabod ɗin, shi kuwa na mdadm ana iya cire faya-fayan a kai wata kwamfuta mai Linux su tashi. Mai Windows ya kula: canza wannan saiti bayan an riga an ɗora Windows yakan jawo shuɗin allo wajen tashi.

Faifai ɗaya sabo ne, ɗayan tokumbo. Umarnin lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL ya nuna su a matsayin sdb da sdc, kowanne 3.6T. Ƙanena ya ce, "Yaya, an cuce mu ke nan?" Ba cuta ba ce. Kamfani yana ƙirga terabait da dubu-dubu, kwamfuta kuma da 1024, shi ya sa terabait 4 ke fitowa 3.64, a Windows kuma gigabait 3726. Na rubuta lambar jikin kowanne a takarda na manna a gefensa, domin sunayen sdb da sdc suna iya musanya wuri bayan an sake kunnawa, kuma ranar da ɗaya ya mutu da lambar jiki ake gane wanda za a zare.

Sai smartctl -a, umarnin duba lafiyar faifai, a kan kowanne. Layuka huɗu nake fara dubawa: 5, 197 da 198, waɗanda ke nuna guraben da suka lalace ko suke shirin lalacewa, sai 199, mai ƙirga kurakuran aika bayani ta waya. Na ukun farko sifili ne a duka biyun. Amma 199 na tokumbon yana hawa ina kallo, kuma wannan kusan kullum laifin waya ne ko bakin rami, ba na faifai ba. Na sa sabuwar wayar SATA mai maƙalin ƙarfe, hawan ya tsaya. Lambar ba ta komawa sifili har abada, abin dubawa kawai kada ta ƙaru. Na kuma duba takardar bayanin kowane samfuri na tabbatar tsarin rubutunsa CMR ne, ba SMR ba. Masu SMR suna jera layukan rubutu ɗaya bisa gefen ɗaya, doguwar rubutu tana gajiyar da su har gudunsu ya faɗi ƙasa warwas a tsakiyar sake ginin haɗi. A 2020 ne maganar ta fito fili, da aka gano wasu WD Red masu terabait 2 zuwa 6 SMR ne.

Inda aka daɗe shi ne wajen share tokumbon. Mai shago ya ce ya yi masa fomatin, kuma ya yi, amma da tsohon tsarin rabon faifai na MBR, wanda ba ya iya ƙirga abin da ya wuce terabait 2 a faifai mai gurbin bait 512. Rabinsa na baya ba a taɓa shi ba. Da na ba da wipefs -a /dev/sdc sai ta amsa da "Device or resource busy". lsblk -f ta nuna isw_raid_member, /proc/mdstat, mai nuna halin haɗi, kuma ta nuna wani haɗi mai suna md127 kwance ba ya aiki. Ashe faifan ya taɓa zama cikin haɗin Intel RST, irin haɗin madabod, a wata kwamfuta, kuma wannan haɗin a can ƙarshen faifai yake ajiye bayanansa, inda fomatin ɗin bai kai ba. Linux ta ga alamar tun wajen tashi, ta kama faifan ta riƙe. Maganin a jere yake: mdadm --stop /dev/md127, sai mdadm --zero-superblock /dev/sdc, sannan wipefs -a /dev/sdc. Waɗannan umarni ba sa tambayar ko ka tabbata, don haka a sake gwada suna da lambar jiki kafin a danna.

Rabon faifai da parted bai ɗau lokaci ba: mklabel gpt, yanki ɗaya da ya fara daga 1MiB domin ya dace da gurbin bait 4096, sai set 1 raid on. Na bar kusan megabait 100 a ƙarshe ba a raba ba. Terabait 4 na wani kamfani yana iya gaza na wani da ɗan kaɗan, kuma mdadm ba ta karɓar sabon faifan da ya gaza na da ko da ƙanƙani ne.

mdadm --create /dev/md0 --level=1 --raid-devices=2 --bitmap=internal /dev/sdb1 /dev/sdc1

Wannan bitmap ɗin a garinmu wajibi ne. Idan aka ɗauke wuta ana cikin rubutu, shi ke tuna wuraren da aka taɓa, sai a daidaita su kawai cikin ɗan lokaci, maimakon a bi terabait 4 tun daga farko. A sa shi tun wajen ƙirƙira, domin ba ya shiga yayin da daidaitawa ke gudana. Ita daidaitawar farko, wato kwafe faifai ɗaya a kan ɗayan, a gudun megabait 150 a sakan, tana cin sa'a bakwai da ɗoriya, kuma gudun yana raguwa idan an kusa ƙarshen faifai. Ba sai an jira ta ba. Na yi mkfs.ext4 -L ajiya -m 1 /dev/md0 nan take. Ba don -m 1 ba, ext4, tsarin ajiye fayil na Linux, za ta keɓe kashi 5 cikin ɗari, sama da gigabait 180, wanda faifan bidiyo ba ya bukata.

Bayan azahar zafi ya shigo maganar. Layi na 194 ya nuna digiri 52 a faifan sama. Yawancin irin waɗannan faya-fayai iyakarsu 60, amma a bazarar Sakkwato, inda iskar ɗaki ma takan haura 40, ba na son ganin sun wuce 45 suna aiki. Na kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace, na raba su da gurbi ɗaya a tsakani, na hure ƙurar ragar gaba, na ɗaura fanka mai milimita 120 tana hura musu kai tsaye. Da aka kunna, daidaitawa ta ci gaba daga inda ta tsaya, zafin kuma ya zauna a 43.

Kunnawar nan ta fito da abin da ake tsammani: md0 ya koma md127, domin ba a riga an rubuta shi a saiti ba. Ana ƙara abin da mdadm --detail --scan ta fitar a /etc/mdadm/mdadm.conf, sai update-initramfs -u. In aka tsallake na biyun, sunan zai ci gaba da canzawa. A /etc/fstab, jerin ajiyar da ake ɗorawa wajen tashi, kuma lambar shaida ta UUID ake sawa, kuma guda biyu ne masu rikita mutane: na haɗin, wanda mdadm ke nunawa, da na ext4, wanda blkid /dev/md0 ke bayarwa. Na biyun ake so. Na ƙara nofail domin kwamfutar ta tashi ko da haɗin bai taru ba.

Saura abu ɗaya da ba a cika yi ba. Faifan tebur idan ya haɗu da gurbi mai wuyar karantawa yakan nace a kai fiye da sakan 30 da Linux ke jira, sai a ɗauka ya mutu a kore shi daga haɗi. smartctl -l scterc,70,70 tana sa shi ya haƙura bayan sakan 7, mdadm ta ɗauko bayanin daga ɗan'uwansa. Sabon ya karɓa. Tokumbon bai san umarnin ba, sai na ɗaga masa /sys/block/sdc/device/timeout zuwa 180. Duka saitunan biyu suna gogewa idan an kashe kwamfuta, dole a sa su cikin abin da ke gudana wajen tashi.

Bayan isha'i /proc/mdstat ta nuna [UU], wato duka faya-fayan biyu suna aiki, babu sauran daidaitawa. Ƙanena ya tambaya ko ya goge abin da ke tsohon faifansa na waje tunda yanzu komai biyu ne. Na ce kada ya taɓa shi. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure a faya-fayan biyu yake gogewa lokaci guda, haka wutar da ta zo da ƙarfi ba ta zaɓar ɗaya ta bar ɗaya. Na kunna smartctl -t long a kan duka biyun su kwana suna yi a kan batirin sola. Gobe in Allah ya kai mu, kafin a zuba bidiyo ko ɗaya, zan kayar da sdc1 da gangan da --fail, in cire shi da --remove, a ga ko kwamfutar za ta tashi da faifai ɗaya, sannan in mayar da shi da --add.