Daga ƙwan kaza zuwa firizar zoɓo: abin da na koya wajen aiki da na'urar daidaita zafi

Wani tsohon firij ne ya mutu a gidanmu a Kano, ya yi kusan shekara biyu a jingine bayan ɗakin girki. Na ƙi sayar da shi ga 'yan gwangwan saboda jikinsa lafiya lau, robar ƙofar ma tana kamawa tsaf. Abin da ke raina shi ne in mayar da shi injin ƙyanƙyasar ƙwai, tunda akwatin da aka yi don ya riƙe sanyi zai riƙe ɗumi ma. Abu ɗaya ya rage mini: wanda zai tsaya dare da rana yana kunna wuta idan ciki ya huce, ya kashe idan ya yi zafi. Wannan ne ya kai ni Kasuwar Sabon Gari, wajen masu kayan wuta, na sayo 'yar na'urar nan STC-1000, wadda masu sayarwa ke kira tamostat ko kwanturola.

Ba ta fi tafin hannu ba. A gaba akwai gilashin da ke nuna lambobi da maɓallai huɗu. A baya akwai ramukan ɗaure waya guda takwas: 1 da 2 na wutar da ita kanta take ci, 3 da 4 na sensa, wato doguwar wayar nan mai ɗan kai a ƙarshe da ke jin zafi, 5 da 6 na abin ɗumamawa, 7 da 8 na abin sanyayawa. Na dawo gida da ɗoki, na ɗaura wayoyin ƙwan fitila biyu kai tsaye a 5 da 6, na kunna. Lambobi suka fito, 'yar jar fitilar ɗumamawa ta kama, na ji ƙarar "ƙas" a ciki, amma ƙwan fitila shiru. Na kwance na sake ɗaurawa har sau uku. Washegari na ɗauke ta na kai wa wani dattijo mai gyaran wuta a unguwarmu, ina shirin mayar da ita kasuwa.

Ya juya ta a hannunsa, ya ce, "Malam, lafiyarta ƙalau. Waɗannan ramukan ba sa ba da wuta, makunni ne kawai. Kai za ka kawo wutar ka shigar ta 5, idan lokaci ya yi ita kuma ta buɗe mata hanya ta fita ta 6." Ya yanko guntuwar waya ya haɗa daga 1 zuwa 5, ya kai 6 ga ƙwan fitila, ɗaya wayar fitilar ya mayar da ita nutiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Na ce, "Baba, ashe wannan ne kawai?" Ya ce shi ke nan, amma in tabbatar wayar da ke ɗauke da wuta ce nake katsewa, kuma in saka bayan na'urar cikin akwatin roba saboda yara. Na bi maganarsa, kuma har yau duk wadda na haɗa sai na rufe ta.

Saitinta huɗu ne. A danne maɓallin S na daƙiƙa uku sai F1 ya fito, shi ne zafin da ake so. F2 tazara ce, wato iya saukar da za a bari zafin ya yi kafin a sake kunna wuta, mafi ƙanƙantarta 0.3. F3 jinkiri ne na mintuna kafin a tayar da abin sanyayawa. F4 na gyaran awo ne idan sensa tana ƙari ko ragi. Ƙwan kaza yana son digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas na kwana 21, don haka na sa F1 a 37.8, F2 a 0.5, zafin ya riƙa kai-komo tsakanin 37.3 da 37.8.

Na zuba ƙwai 40 na kajin gida. Ina juya su da hannu sau uku a rana, na yi wa kowanne alama da fensir don kada in ruɗe. Lambobin gilashi suna nan daram inda na sa su, hankalina kwance. Kwana 21 ya cika ban ji ko motsi ba. Sai a rana ta 23 suka fara fasowa ɗai-ɗai, guda 11, wasu da cibiya ba ta gama rufewa ba. Sauran duk bara-gurbi. Da na fasa wasu na tarar da 'yan tsaki sun haɗu amma ba su kai ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don rayuka ne, kuma a hannuna suka lalace.

Mahaifiyata ce ta fara nuna mini bakin zaren, ita da ta yi shekaru tana kiwon kaji da zabi. Ta leƙa cikin firij ɗin, ta sa bayan hannunta a sama kusa da fitila, ta sauke shi kan farantin ƙwai, ta ce, "Ɗan nan, sama da ƙasa ai ba ɗaya ba ne. Kaza da ƙirjinta take taɓa ƙwai." Na dubi inda na rataye sensa: can sama, bai fi taƙi ɗaya daga ƙwan fitila ba. Na samo ma'aunin zafin jiki irin na asibiti na ajiye a kan farantin, na rufe na minti ashirin. Na'ura na cewa 37.6, shi kuwa yana cewa 35 da 'yan kai. Na'urar ba ta yi mini ƙarya ba. Abin da kan sensa ya ji shi ta faɗa, kuma iskar da ke gefen fitila ta ji, alhali ƙwai suna can ƙasa cikin sanyi har mako uku. Ƙarancin zafi kuwa shi ke jinkirta ƙyanƙyasa, kamar yadda yawansa ke gaggauta ta.

A karo na biyu na gyara abubuwa da dama. Na sa ƙaramar fankar kwamfuta tana juya iska ba tsayawa, ba ta bi ta na'urar ba. Na sauko da sensa daidai tsayin saman ƙwai, a tsakiyar faranti, ba ta taɓa ƙarfe ba kuma hasken fitila ba ya dukanta kai tsaye. Na gwada ta da ma'aunin asibiti har sau uku, na ga tana ƙarin 0.4, na rage shi a F4. Na sa ƙwan fitila biyu masu wat 40 maimakon ɗaya babba, don idan ɗaya ya ƙone cikin dare ɗayan ya riƙe. Dole ne kuma su zama irin na da masu zare, domin na zamani masu tsimin wuta haske suke bayarwa, ɗuminsu kaɗan ne. A ƙasa na jera gorunan ruwa shida a rufe. Ruwa yana daɗewa bai huce ba, shi ya sa idan aka ɗauke wuta na awa biyu zafin ke sauka a hankali, ba ya faɗuwa gaba ɗaya. Daga baya ma na koma irin na'urar mai bolt 12 da ƙwan fitilar mota, duka a kan batirin sola, na huta da tashi tayar da janareta tsakar dare.

Akwai abin da na'urar ba ta sani ba sam, shi ne laima, wato danshin iska. Farantin ruwa da na ajiye a ciki ne ke samar da ita: kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, sannan a daina juya ƙwai a ƙara ruwa ya kai 65 zuwa 70. Da hunturu iskar Kano a bushe take ƙayau, farantin kan ƙafe cikin kwana biyu. A wannan zubin na samu 'yan tsaki 31 daga ƙwai 40, kuma a rana ta 21 suka fito. Da damina ta zo, lokacin da zabi ke saka ƙwai, na zuba nasu, su kuma sai kwana 26 zuwa 28.

Darasin da ban taɓa tsammani ba, bazara ce ta koya mini shi. A watan Afrilu zafin Kano yana haura 40 da rana, ɗakin da firij ɗin yake kuma rufin kwano ne. Wata rana da azahar na shiga na ga 39.3 a gilashi, fitilu a kashe tun hantsi. Ba abin da na'urar za ta iya, domin ɗakin kansa ya fi abin da ƙwai ke so zafi, ga shi kuma ƙwan da ya kai mako biyu yana fitar da ɗumin kansa. Nan ramuka 7 da 8 suka yi amfani. Na huda gefen firij na sa fanka mai jawo iska, na ɗaura ta a ɓangaren sanyayawa. Amma fanka kaɗai iskar ɗaki mai zafi za ta turo, don haka na rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a bakin hudar, ƙasansa a cikin roba mai ruwa. Iskar bazara busasshiya ce, tana ratsa buhun sai ta yi sanyi, irin yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa. Na kuma mayar da firij ɗin tsohon ɗakin ƙasa na gidan. Tun daga nan bai sake wuce 38.3 ba. Wanda ke shirin yin wannan a arewa, ya yi tunanin sanyayawa tun ranar da yake tunanin ɗumamawa.

Na'ura ta biyu da na saya ta uwargida ce. Tana sayar da zoɓo da kunun aya, kuma firizarta mai murfi a sama tana daskarar da su su zama ƙanƙara, gorunan su kumbura. Na haɗa na'urar da soket a cikin akwati, na sa filogin firiza a ciki ta hanyar 7 da 8, F1 a 4, F2 a 2. Da farko na bar sensa tana lilo a iska, sai injin ya riƙa tashi duk lokacin da aka buɗe murfi. Na manna ta a jikin gorar ruwa da salatif, na rufe bayanta da guntun soso, sai ta koma jin sanyin abin sha maimakon na iska. A nan F3 ba abin wasa ba ne. Kwamfuresa, wato injin firiza, idan aka kashe ta aka sake kunnawa nan take, tana tashi ne a kan matsin gas da bai sauka ba, kuma haka ake ƙona ta. Na sa minti biyar. Ruwa yana taruwa a ƙasan firizar tunda ba ya daskarewa, sai ana gogewa duk mako. Wata rana gilashin ya nuna EE yana ƙara, ashe murfi ne ya datse wayar sensa, tun daga nan nake bi da ita ta kusurwar baya inda robar ta fi taushi.

Makunnin cikin na'urar amfiya 10 aka rubuta masa. Ƙaramar firiza da ƙwan fitila ba komai, amma da ƙanina ya nemi in haɗa masa hitar ɗaki mai wat 2000 na ƙi, sai da muka sayo kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, ta ɗauki nauyin, na'urar tana ba ta umarni kawai.

Yanzu hunturu ya shigo, asuba tana sauka ƙasa da 15, na mayar da na'urar farko zuwa ɗakin rainon 'yan tsaki. Makon farko 33 a tsayin bayansu, kowane mako in rage kusan digiri 3. Ina duba lamba, sannan in tsuguna in dube su: idan sun cure ƙarƙashin fitila suna kuka in ƙara, idan sun watse gefe suna haki in rage. Jiya da daddare na tarar da su a baje ko'ina cikin ɗakin suna barci, na bar saitin yadda yake.