Aikin da ke kan teburina a wannan watan

Ni dai sana'ata littafi ce, ina da ɗan shago a Kano ni da yarana biyu, mu yi taifin, mu gyara rubutu, mu haɗa bango, in marubuci na da hali mu kai madaba'a. Da can 'yan sari ke ɗibar littafi kwali-kwali daga Sabon Gari har Maraɗi da Damagaram, yanzu kuwa takarda ta yi tsada, kusan komai ya koma waya, a biya ta banki a turo shaida mu saka mutum a guruf ɗin WhatsApp yana samun feji kullum.

Yawanci soyayya ake kawo mana. Sai ga wata baiwar Allah da labarin fasinjojin da motarsu ta mutu a hamada tsakanin Agadas da Dirku, direba ya tafi neman taimako shiru bai dawo ba, a cikinsu akwai wa da ƙani da rigimar gado ta raba, ga mace da uwar mijinta da ko gaisawa ba sa yi, ga ruwa saura kaɗan. Wallahi ranar ban iya rufe shago da wuri ba.

A irin wannan littafi gyaran ƙa'idar rubutu shi ne mai sauƙi, wahalar tana wajen kada a yi wa mai karatu ƙarya. Na ce mata "Hajiya ki yi haƙuri, ba mai tafiya da tsakar rana a hamadar Tenere, ƙarƙashin mota ake kwanciya sai rana ta yi sanyi, da dare kuma sanyi ne zai hana su barci." Muka saka jarka da aka naɗe da buhu, muka sa ana auna ruwan da murfinta, kowa ido a kan hannun mai zubawa. Nan ne labarin ya tashi, don faɗan da ake yi kan murfi ɗaya ya fi duk wani ɗan bindiga da ta so cusawa tada hankali, na roƙe ta ta cire shi kuma ta yarda.

Na dage ne saboda abin ya taɓa faruwa da mutanenmu. A 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit, hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga yankin Kance na jihar Damagaram. Cikin masu karatunmu akwai 'yan can, ba zan yarda a mai da ƙishirwa abin wasa ba.

Abin da ke ƙona min rai masu fitar da feji waje, mace ta yi wata da watanni tana rubutu wani ya kwafe ya watsa kyauta, wani ma ya karanta a YouTube ba izini. Shi ya sa wannan karon na ce ko kwafi kaɗan ne sai mun buga littafin nan a takarda, bangon ma yana hannun mai zane.