Abin da waken soya da tunkuza suka koya mini a kiwon tarwaɗa

Tsadar garin kifi ce ta sa na fara haɗa abincin tarwaɗa da waken soya da tunkuza. A lissafin takarda babu matsala: tunkuzar waken soya tana da furotin wajen kashi 44 cikin 100, ta gyaɗa ma kusan haka. Amma a kwami sai na ga kifi yana ci, girma na tafiyar hawainiya, ruwa kuma yana saurin wari.

Kuskuren farko ɗanyen wake ne. A cikinsa akwai sinadarin da ke ɗaure ruwan da cikin kifi ke narkar da furotin da shi. Abincin sai ya wuce ta hanji ya fita kashi, kuɗinka ya koma dattin da ke lalata ruwa. Wuta ce maganinsa. Ina soya shi a kasko da matsakaiciyar wuta minti 15 zuwa 20, ana juyawa, har ɓawon ya fara tsagewa, gafin ya tafi, cikin ya yi ruwan zuma. Idan ya yi baƙi kuma an yi wata asarar, domin ƙuna tana lalata layisin, wani sinadari na cikin furotin wanda da shi kifi ke gina tsoka.

Tunkuzar gyaɗa tana da ƙarancin layisin da metiyonin (shi ma sinadari ne na cikin furotin), shi kuwa waken soya metiyonin ne ya gaza masa. Jikin kifi ba ya iya ƙera waɗannan biyun. Da ɗaya ya ƙare sai ginin nama ya tsaya, sauran furotin ɗin a ƙone shi kamar makamashi, ya fita ta inda kifi ke numfashi a gefen kai a matsayin amoniya, wani datti mai guba ga kifi. Shi ya sa ruwan ke ɓaci ko da ba ka zuba abinci fiye da kima ba. Sannan duk tunkuzar da ta yi fumfuna zubarwa nake yi. Dafin aflatoksin da fumfuna ke haifarwa hanta yake ci, kuma suya ba ta kashe shi.

Tunkuzar angurya tana da araha, amma akwai wani dafi mai suna gosifol a ciki, wanda ke riƙe layisin. Ba na wuce kilo 10 a cikin 100, ƙananan kifi kuwa ba na ba su sam.

Inda na fi daɗewa ban gane ba shi ne masara. Tarwaɗa ba ta sarrafa sitaci kamar yadda karfasa ke yi. Idan masara ta yi yawa, furotin ya yi kaɗan, kifin zai yi tumbi ka ɗauka girma ne. Yanka ɗaya ka duba: kitse ya lulluɓe hanji, hanta ta kumbura ta koɗe ta koma rawaya-rawaya maimakon ja mai duhu. Tun daga nan duk wata sai na yanka biyu na duba hanta kafin in yarda da abin da sikeli ya nuna. Masarar kuma a niƙa ta lilis, a kwaɓa da ruwan zafi kafin ta shiga injin da ke fitar da ƙwayar abinci, domin sitacin da ya nuna ya fi narkewa, ƙwayar abincin ma ta fi riƙe jikinta a ruwa.

Yawancin fosfaras ɗin (sinadarin da ke gina ƙashi) da ke cikin hatsi da wake a kulle yake, kifi ba ya samunsa, don haka garin ƙashi dole ne.

Ga haɗin da na tsaya a kai na kilo 100, ga kifin da ya wuce giram 200: garin kifi 20, tunkuzar waken soya 35, tunkuzar gyaɗa 12, masara 20, dusar alkama 6, garin rogon da aka jiƙa aka shanya 3, manja 1.5, garin ƙashi 1, firimis (haɗin bitamin da ma'adanai) 0.5, metiyonin 0.4, layisin 0.3, gishiri 0.3. Wannan yana ba da furotin wajen kashi 35. Na gwada sauke garin kifi zuwa kilo 10, sai cin ya ragu, domin ƙamshinsa ne ke jawo tarwaɗa ga abinci. Sauyi daga abincin kamfani zuwa wannan kuma a hankali nake yi, ina gaurayawa tsawon mako guda, kuma ba na fara shi cikin hunturu, lokacin da sanyi ya riga ya rage musu ci da narkarwa.